Ɗauko Cindo Mai Kalangu Daga Matamaye

Tun da na dawo daga Matamaye ban huta ba. A makaranta, a teburin mai shayi, har a bakin masallaci, tambayar ɗaya ce: "Malam Sabo, wai yaya aka yi?" Wasu sun ce na shigo da kalangu cikin babbar riga. Wasu sun rantse sun gan ni ina rawa a Kongolam. Ban yi rawa ba, kafaɗa ce kawai ta ɗan motsa. Na gaji da maimaitawa, shi ya sa na zauna na rubuta, wanda ya sake tambayata in miƙa masa.

Abin ya faru ne shekaru kaɗan bayan an ƙaddamar da shari'a a jiharmu. Ina cikin waɗanda suka yi kabbara ranar har muryata ta dushe, kuma ban yi nadama ba. Amma a cikin ɗokin nan wasu samari masu zafin kai suka ɗora wa kansu aikin da ba wanda ya ba su, suka riƙa bin gidajen biki suna tarwatsa makaɗa. A wani bikin mahauta suka ƙwace kalangan Baba Cindo guda biyu suka farke su da reza a gabansa. Cindo shi ne makaɗin mahautan unguwarmu tun kafin a haife ni. Bai yi faɗa ba, bai kai ƙara ba. Ya ɗauki kalangu ɗaya da ya rage masa a gida, ya tsallaka Nijar wajen 'yarsa da ke aure a Matamaye.

To ana nan sai Alhaji Mamuda, shugaban ƙungiyar ci gaban unguwarmu, ya je wani gari ya ga an yi taron karrama mawaƙa, har aka nuna shugaban taron a talabijin. Ya dawo da zazzaɓin abin. "A ce Daura guda, inda komai ya faro, ba mu karrama namu ba?" Muka nemi izini wurin dattawan da ke sa ido kan tarurruka, suka ba mu, bisa sharaɗi ɗaya: a karrama kiɗa, amma kada a yi kiɗa. Alhaji ya ce ai wannan mai sauƙi ne. Gaskiyarsa, domin duk makaɗan da muka zaɓa sun rasu, kuma mamaci ba ya ba kwamiti matsala. Mutum ɗaya ne ya ɓata mana tsari da ya ƙi mutuwa, shi ne Cindo. Da yake ni ne sakatare, kuma ɗan mahauci, aka ce ni zan je in ɗauko shi.

Ana gobe zan tafi na shiga zaure wurin mahaifina. Baba mahauci ne da ya yi suna a zamaninsa, ana ce masa Buba Mai Barho, saboda wata doguwar wuƙa da ya yi shekaru yana fiɗa da ita. Yanzu ya tsufa, idonsa ya tafi gaba ɗaya, ƙafa ma sai da sanda. Kowane babban mahauci yana da takensa a bakin kalangu, wato wani kiɗa da yake nasa shi kaɗai, da an buga kowa ya san da wa ake. Da na gaya masa inda za ni, sai ya lalubo hannuna ya riƙe.

"Sabo, ka ce masa ina so in ji takena kafin a kai ni."

Na ce to. Na fito ina sane da cewa na yi wa kwamiti alkawarin ba kiɗa, na yi wa ubana alkawarin kiɗa, kuma duk a kan mutum ɗaya.

Motar da na samu a tasha wata tsohuwar fijo ce da aka cire wa kujerar baya aka jera jarkokin fetur, aka shimfiɗa tabarma a kai. Mu fasinjoji a kan fetur muka zauna. Kafin mu tashi direba ya juyo ya ce duk mai shan taba ya faɗa tun yanzu, a yi masa addu'a a sauke shi. Ya sa kaset ɗin wa'azi a kan azabar kabari, wanda ya dace da halin da muke ciki. Kusa da ni wani dillalin awaki ne mai gemu, yana ta gyaɗa kai yana cewa "Allahu akbar, haka ne, malam."

A Kongolam, bakin iyaka, muka sauka aka duba mu. Na namu ɓangaren ba su wahalar da ni ba, sun ga hula da biro a aljihu sun san ba abin da za a samu. Muna wuce igiyar da aka gitta a hanya, direba ya zare kaset ɗin wa'azi ya tura wani. Sai ga goge ya cika mota. Na saci kallon dillalin awaki in ga ko zai yi magana. Gyaɗa kan da yake yi bai ko canja ba, sai dai ya ƙara da taɓa cinya.

Jandarman Nijar ne ya tsayar da ni. Ya nemi katin ɗan ƙasa, na ba shi katin makarantar da nake koyarwa. Ya juya shi gaba da baya, ya yi wata doguwar magana da Faransanci, sannan ya fassara mini ita da Hausa a taƙaice: "Zauna can." Na zauna gindin darbejiya ina kallon motarmu tana ƙara gaba da jakata. Da ya ga na yi laushi ya dawo ya tambaye ni wurin wa za ni a Matamaye. Na ce wurin wani tsoho, Cindo mai kalangu.

"Cindo na kasuwa? Shi ya yi mini kiɗa ranar sunan ɗiyata! Me ya hana ka faɗa tun ɗazu?"

Ya tsayar da wata motar gawayi ya sa ni a gaba. Da na isa Matamaye na tarar da jakata a tasha wurin mai sayar da burodi, ba abin da ya ɓata sai ƙosan da matata ta ƙunsa mini, wanda na tabbata yana cikin dillalin awaki.

Mutanen can Hausawa ne kamarmu, har wasu danginmu ne, amma Faransa ta taɓa su a wurare masu ban mamaki. Burodinsu dogo ne mai tauri, ana saƙala shi a hammata kamar sandar kiwo, na gatsa sau ɗaya na ji haƙorina na baya yana neman sallama. Shayinsu kuwa a ɗan kofin da bai fi murfin kwalba ba, sau uku ake zubawa, kuma in ka tashi bayan na farko ka yi rashin kunya. Na farkon ɗaci ne zalla. Da rana ta take, kowa sai ya rufe shago ya kwanta, har mai gadin banki. Na yi ta buga ƙofofi ina neman gidan surukin Cindo, ba wanda ya tanka sai wata tsohuwa da ta leƙo ta ce, "Ɗan Najeriya ne ko? Ku dai ba ku san a huta ba."

Ta ce in jira la'asar in bi kunnena. Haka kuwa aka yi. Ana idar da salla na ji kalangu daga nesa, daga wajen rumfunan mahauta, sai na ƙara sauri, domin rabona da wannan sauti tun kafin samarin nan su fito da rezarsu. Na tarar da Cindo tsaye gaban wata tukubar tsire, ya rame, gemu ya yi fari fat, kalangu a hammata. Wani malami da ɗalibansa suka zo wucewa, na yi tsuru-tsuru ina jiran a tashi hankali. Malamin ya tsaya ya sayi tsire, ya ce wa Cindo "sannu da aiki," ya wuce. Kuma da aka kira magariba, mahautan nan da makaɗinsu sun riga ni shiga sahu.

A zauren surukinsa aka sauke ni, ni da wani rago da ake kiwo, wanda ya nuna mini a fili cewa ya riga ni zuwa. Aka kawo dambu da zogale da man gyaɗa. Bayan mun ci na buɗe baki na yi bayani tiryan-tiryan, har sharaɗin ban ɓoye ba. Cindo ya saurara har na gama, sannan ya yi dariya har da tari.

"Ɗana, sake faɗa mini. Za a tara mutane saboda kiɗana."

"E, Baba."

"Amma ba za a ji kiɗan ba."

"E, Baba."

"To me za ku karrama? Gemuna?"

Na ce akwai lambar yabo, kuma mai yiwuwa 'yan talabijin su zo. Ya ce in gaida su. Sai na faɗa masa saƙon mahaifina. Dariyar ta ɗauke. Ya tambaye ni ko da gaske ne idon ya tafi, na ce da gaske ne. Sai ya ce:

"Buba Mai Barho. Ranar da na fara yi masa taken nan, sa guda ya kayar shi kaɗai a gaban jama'a. Gobe da safe mu tafi."

Dawowarmu ba wani abin labari sai abu ɗaya. Kafin Kongolam ya naɗe kalangun cikin buhun gero ya ɗaure bakin, ya rungume shi a cinya. Da muka hango gari sai ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Makaɗi ba ya shiga gari shiru, Sabo. Tun daga bakin ƙofa ake jin ya iso. Yau ga ni na shigo Daura kamar ɓarawon akuya." Kunya ta kama ni kamar ni na farke masa kalangai.

Kai tsaye gidanmu muka nufa. Tsofaffin nan biyu suka riƙe hannun juna suna zagin juna irin na abokai, wannan ya ce wancan ya zama ƙashi, wancan ya ce ai gara shi yana ganin ƙashin. Baba ya sa aka kwance buhun, ya shafa kalangun tun daga wannan baki har wancan. Ni kuma da wayona na makaranta na ce ga shawara: a shiga ɗakin ƙurya, a rufe ƙofa da taga, a buga a hankali, kowa ya huta.

Kai, da na sani ban faɗa ba. Su biyun suka taso mini.

"A ɗaki?" in ji Baba. "Wa zai ji? Kaji?"

Cindo ya ce, "Take ba magani ba ne da za a sha a ɓoye. A gaban mutane ake yin sa, abokan sana'a su ji, masu ƙinka su ji su yi shiru. In ba kowa, fata ce kawai ake duka."

Ranar taro aka cika filin makarantarmu. An yi rumfuna, an jera hotunan makaɗan da suka rasu, kowanne da furen roba. Alhaji Mamuda ya aro akwatin gilashi daga shagon Emeka, Ibon da ke sayar da kayan gyaran mota a bakin tasha, aka kwashe fulogogi aka sa kalangun Cindo a ciki, yana warin man birki. Emeka da kansa ya zo ya tsaya kusa da gilashinsa, yana ta tambaya, "Yaushe za a fara kiɗa?" Aka ce masa ba a yi. Ya ce, "To me ya sa kun kira mai kiɗa?" A gefe guda kuma ga wani saurayi da dattawa suka turo ya sa ido, yana zaune da fuska a murtuke.

Aka yi jawabai. Alhaji Mamuda ya ce kiɗa shi ne madubin al'umma, ya faɗa sau uku saboda mai ɗaukar hoto bai shirya ba a na farko da na biyu. Sai babban baƙo, wani malamin jami'a, ya tashi ya yi bayanin kalangu tun daga icen da ake sassaƙa shi. Da ya zo kan yadda yake magana, ya rasa yadda zai yi, sai ya kama lasifika ya ce, "Kalangu yakan ce, dan-dan-kirin, dan-kirin-dan." Ya yi ta yi da baki, har da lanƙwasa wuya. Aka dubi saurayin nan, ya ce baki ba kayan kiɗa ba ne, ya halatta. Jama'a suka tafa. Cindo yana zaune a kujerar gaba, tsakaninsa da kalangunsa bai fi taku kaɗan ba, yana kallon mai digiri yana yi masa sana'arsa da leɓe.

Aka kira shi aka ba shi lambar yabo ta katako, da darduma, da buta, da carbi. Ya karɓa ya jujjuya butar.

"Na gode, Alhaji. Ina da irinsu a gida. Tun kafin a yaye ka nake salla."

Mai ɗaukar hoto ya ce hoton zai fi kyau in yana riƙe da kalangun. Aka yi shawara, aka buɗe gilashi. Cindo ya rataya shi, ya saƙala a hammata, ya ɗaga ɗan lanƙwasasshen icen kiɗan. Filin ya yi tsit. Sai ya fara, amma icen ba ya taɓa fata, yana tsayawa dab da ita. Hannu yana tafiya, gwiwar hannu tana matsa tsirkiya tana saki, kafaɗa tana aiki, ba sauti ko kaɗan. Na ɗauka wasa yake. Sai na ga wani tsohon mahauci a baya ya miƙe zumbur ya ɗaga hannu yana jinjina. Ya gane takensa da ido. Cindo ya juya ya canja take, wani ya miƙe. Haka ya bi su ɗaya bayan ɗaya, tsofaffi suna tashi suna jinjina, wasu suna share hawaye, a filin da ba ka jin komai sai kukan janareto.

Saurayin mai sa ido ya rikice. Ya zo wurin Alhaji Mamuda yana cewa ai ko ba sauti akwai niyya. Alhaji ya ce sharaɗin bai ambaci niyya ba. Suna cikin wannan muhawara Cindo ya iso gaban mahaifina ya tsaya. Ya daɗe a nan fiye da ko'ina, gumi yana zuba daga gemunsa. Mahauta duk suka juyo suna kallon Baba, suna jira ya tashi. Baba yana zaune da sandarsa tsakanin gwiwoyi, fuskarsa tana kallon wani wajen.

Ya taɓo ni. "Sabo, me ake yi ne aka yi shiru?"

"Takenka ake kaɗawa, Baba."

Ya karkata kunne, ya saurara da gaske. "Ban ji ba."

Ban taɓa jin abin da ya soke ni kamar wannan ba. Cindo ma ya ji. Ya sauke hannu, ya dubi Alhaji Mamuda ya ce shi ya gode da karamci, yanzu zai koma inda ya fito, yau ɗin nan. Sannan ya ɗaga murya yadda kowa zai ji: "Ina fata dai ba a hana rakiyar baƙo ba?"

Aka dubi saurayin. Ya yi tunani ya ce rakiya kam abu ne mai kyau.

Mahauta suka kawo a-kori-kurar da suke ɗaukar nama, aka wanke ta sama-sama, aka sa Baba da Cindo a gaba. Ban san yadda labari ya bazu ba. Kafin mu fita gari babura sun biyo mu, da motocin haya, da Emeka da ya bar gilashinsa a fili. Ban taɓa ganin baƙon da aka raka da yawan mutane haka ba, kuma kowa ka tambaya sai ya ce shi dama yana da ɗan uzuri a Kongolam. Motar Alhaji Mamuda tana can baya. Saurayin nan ma ya hau bayan wani babur, wai don ya tabbatar an bi doka.

Ma'aikatan iyaka suka firgita da ganinmu, sai da aka yi musu bayani cewa mutum ɗaya ne zai fita. Baba ba shi da wata takarda, kuma bai nemi tsallakawa ba. Aka aro masa benci wurin mai shayi aka ajiye dab da igiya, a ɓangarenmu. Cindo ya sunkuya ya wuce ƙarƙashinta, ya ɗan taka gaba kaɗan cikin ƙasar Nijar, ya juyo ya fuskanci Daura.

Bugun farko sai da na ji shi a cikina. Kalangun nan ya buɗe murya kamar ya shekara yana riƙe da kuka. Baba ya saki sandarsa ta faɗi. Mutumin da sai an kama shi yake tashi ya miƙe shi kaɗai, ya ɗaga hannun dama sama kamar barhon na ciki, ya yi wata kururuwa da ban san tana nan a ƙirjinsa ba har yanzu. Mahauta suka amsa. Masu canjin kuɗi suka bar teburansu, direbobi suka hau kan motoci. Na waiga na ga Alhaji Mamuda ya sauke gilashin motarsa har ƙasa, saurayin kuwa ya kafa ido a kan takalminsa, babban yatsansa yana motsi. A nan ne aka ce na yi rawa.

Cindo bai yi sallama da kowa ba. Yana cikin taken ya juya ya kama hanyar arewa da ƙafa, yana tafiya yana kaɗawa, bai waiwayo ba. Sautin ya yi ta raguwa. Mutane suka fara komawa motocinsu, mai shayi ya zo yana neman bencinsa. Ni na daɗe da daina ji, na kama hannun Baba na ce mu tafi.

Ya fizge. "Dakata. Bai gama ba."

Muka tsaya, ni ina jin hayaniyar tasha kawai, shi kuwa kansa a karkace, leɓensa yana bin abin da ba na ji. Sai can ya sauke hannunsa a hankali.

"Sabo, da mutane?"

"Har kan motoci, Baba."

"To. Miƙo mini sandata."